Yadda za ka yi aiki da kwamfutar tebur ba monita, daga kan tabilet ɗinka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan ɗan akwatin da kuke gani a kan tebur kwamfuta ce cikakkiya, Dell OptiPlex irin ta hannun nan da ake shigowa da su, ba monita ba kibod, wayar wuta ce kawai a jikinta sai ta rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, amma ga Windows ɗinta nan a buɗe a kan tabilet, ina taɓawa tana amsawa. Duk aikin ita take yi, shi tabilet hoto kawai yake karɓa ya mayar mata da abin da ka danna, shi ya sa ko tabilet ɗin ba wani mai ƙarfi ba ne zai yi.

Amma fa ranar farko dole ka nemo sikirin, ba makawa. Talabijin ɗin falo ma ya isa in dai yana da HDMI, ka ari kibod da mawus. Ka leƙa bayan kwamfutar tukuna, da yawa daga cikin na ofis ɗin nan DisplayPort ne da su ba HDMI ba, kuma ramukan sun yi kama, kar ka je ka sayo kebul ɗin da ba zai shiga ba.

To shiga Settings, System, About, ka duba wane Windows ne. In ka ga Pro ka huta, domin Remote Desktop, wanda ke ba ka damar shiga kwamfutar daga wata na'ura, yana ciki, kunna shi kawai za ka yi a nan cikin System ɗin. A tabilet kuma ka sauko da manhajar Microsoft, da can sunanta Remote Desktop yanzu sun mayar da ita Windows App. Za ta nemi adireshin kwamfutar, sai ka buɗe cmd a kwamfutar, wato baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, ka rubuta ipconfig, lambar da ke gaban IPv4 ita ce, yawanci da 192.168 take farawa. Sannan sunan akawun ɗinka na Windows da kalmar sirri, kuma kalmar sirri ta ainihi ake nufi ba PIN ɗin da kake shiga da shi ba, akawun ɗin da ba shi da kalmar sirri kuwa ba zai bari ka shiga ba sam. Abin da ya sa na fi son wannan hanyar, in su biyun suna kan rauta ɗaya ba ruwanka da data, ko data ta ƙare suna ganin juna, kuma shi da kansa yake ƙirƙiro sikirin daidai girman tabilet ɗinka, bai damu da akwai monita ko babu ba.

In Windows Home ne da kai to ba ya karɓar wannan haɗin, sai ka koma Chrome Remote Desktop, kyauta ne, Gmail ɗinka kawai da PIN mai lamba 6 ko fiye, ko AnyDesk ko RustDesk. Sai dai a nan ne mutane suke rikicewa, komai lafiya lau lokacin da talabijin ke jone, ana cire shi sai su ga baƙin sikirin, ko hoto ya dawo ɗan mitsitsi komai ya cushe. Dalili shi ne su waɗannan kwafar abin da ke kan monita suke yi, ita kuma kwamfuta in ka jona monita yakan gaya mata sunansa da girman hoton da zai iya ɗauka, wannan bayanin ake kira EDID, in ba ta ji daga kowa ba sai ta ga wa za ta zana wa hoto? Maganinsa wannan ɗan abin da bai kai filasha girma ba, a kasuwa dummy plug za ka ce, ka soka shi a ramin HDMI ko DisplayPort ya riƙa ce mata shi monita ne, kamar dai mutum-mutumin da ake kafawa a gona tsuntsaye su ɗauka akwai mai gadi. Sai ka zaɓi 1920 da 1080 abinka. Af, lambar da AnyDesk zai ba kwamfutarka, wadda da ita ake shiga, kar ka karanta wa kowa a waya, musamman mai cewa daga banki yake.

Yanzu ga wanda ya fi damun mu nan, wuta. NEPA ta ɗauke ta dawo, kwamfuta na nan a mace, kai kuma kana kasuwa ko makaranta ba mai danna mata maɓalli. Tun talabijin na jone ka shiga BIOS, wato saitin kwamfutar na kafin Windows ya tashi, kana kunna ta ka danna F2 a Dell, F10 a HP, ka nemo AC Recovery a Dell ko After Power Loss a HP, ka mayar da shi Power On, da wuta ta dawo ita za ta tashi da kanta. Ka koma Windows ka sa Sleep a Never, don kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira. Sannan a rauta ka ɗaure mata adireshi ɗaya, in ba haka ba wata rana rauta ta tashi ta ba ta wata lambar daban ka yi ta nema.

In daga wajen gida kake so ka shiga, Chrome Remote Desktop ya riga ya iya wannan. Shi na Microsoft kuwa za ka ga ana cewa ka buɗe ƙofa ta 3389 a rauta, wadda Remote Desktop ke bi ta cikinta, ni ban ba ka shawara ba, masu kutse dare da rana ita suke ƙwanƙwasawa, kuma a yawancin ƴan MiFi na layin waya ma ba ta buɗuwa. Sa manhajar Tailscale a kwamfutar da tabilet ɗin, kyauta ne ga mai amfanin kansa, zai haɗa su kamar suna gida ɗaya. Word da Excel ba sa cin data sosai, bidiyo ne ke zuƙe ta.

Kafin ka mayar da talabijin falo ka gwada, cire HDMI, zare wayar wuta daga soket bayan ka kashe ta, ka mayar, ka jira minti biyu ka ga ko tabilet zai shiga. Kebul ɗin kuma ajiye shi kusa, domin in Windows ya maƙale kafin ya gama tashi ko yana neman wani abu a BIOS, tabilet ba zai nuna maka komai ba, sai ka sake jona talabijin. Wanda bai samu ya shiga ba ya faɗa mana wane Windows ne da shi da wace manhaja ya gwada.