Amsoshin Tambayoyinku: Motata Tana Shanye Ruwan Lagireto

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu daga masu tsofaffin motoci ne, kuma da alama zafin bazara ne ya taso su, don kukan duk ɗaya ne, ruwan lagireto.

Ta farko daga wani direban haya ce a Gusau. Ya ce Golf 3 gare shi, kullum da safe sai ya ƙara ruwa kusan gora guda kafin ya fita lodi, ya kuma leƙa ƙarƙashin motar bai ga ɗigon komai ba. Shi ne yake tambaya ina ruwan yake tafiya.

To Malam direba, Allah ya ba da sa'a. Ruwan lagireto ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, zagayawa kawai yake tsakanin inji da lagireto ya dawo. Lafiyayyar mota sai ta yi watanni ba ta nemi ƙari ba. Saboda haka gora guda kullum, akwai inda yake fita, kuma ƙarin da kake yi da safe lallaɓawa ce kawai. Abin da ya sa ba ka ganinsa a ƙasa shi ne, ƙaramar ɓula ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi ruwa ya matsu, sannan ɗigon ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take.

Ga abin da za ka yi, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. In ka tashi aiki da dare, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe, tun motar na da sanyi, ka ɗauki tocila ka bi tiyo-tiyon ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da aka ɗaure da kilif. Ba jiƙa kawai za ka nema ba, ka nemi busasshen tabo, fari-fari ko mai launin tsatsa, wanda ruwa ya bari bayan ya ƙafe. Ka matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, da wanda ya sandare yana tsattsagewa, duk kwanansu ya ƙare. Ita Golf ɗin nan kuma tana da wani mahaɗin tiyo na roba a jikin kan silinda (wato saman inji), wanda in ya tsufa yakan tsage, to ka fara da shi. Ka kuma taɓa kafet ɗin gaba, wajen ƙafar fasinja. In da danshi, hita ce take yoyo daga ciki, bakanike zai iya haɗe tiyonta biyu ya kewaye ta kafin ka samu ta canji.

Sai murfin lagireto, wanda mutane suka fi rainawa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin yana riƙe matsi ta yadda ruwan ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. A motocin Japan za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, ƙarfin matsin ke nan. A Golf murfin yana kan 'yar tankin roba ne. In robar murfin ta mutu, ruwa zai riƙa ficewa a matsayin tururi kana tafe. An sha sauke lagireto sukutum alhali murfi ne ya gaji. In duk ka duba ba ka gani ba, ka nemi garejin da ke da famfon gwaji na hannu, a ɗaura a bakin murfi a buga iska inji na kashe, ɓular za ta tona kanta. Kuma don Allah, kada wanda ya buɗe murfin nan inji na da zafi. A jira ya huce, ko da rabin awa ne.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Maraɗi, mai Toyota Carina. Ta ce motar ta taɓa yin zafi a hanya har allura ta kai ja, tun daga nan ruwa ke raguwa, salansa na fitar da farin hayaƙi, kuma bakanike ya ce sai an buɗe inji. Tana tsoron ko cutarta za a yi.

Hajiya, ranki ya daɗe, tsoronki a kan hanya yake, amma wannan karon da wuya bakaniken ya yi ƙarya. Abin da kika lissafa alamun ƙonewar tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar inji, wadda take raba ruwa da baƙin mai da wuta. Kafin ki yarda, ki sa a gwada a gabanki. A zaro sandar gwajin mai, a kuma buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Sannan a cika lagireto inji na da sanyi, a bar murfinsa a buɗe, a tayar. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke kutsowa cikin ruwa. Farin hayaƙi shi kaɗai ba hujja ba ne, don da sanyin safiya lokacin hunturu kowace mota tana yinsa na 'yan mintoci. Wanda bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama shi ne abin damuwa.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen aikin kansa. Kan silindar motarki na alminiyam ne, in ya sha zafi yakan lanƙwashe kaɗan yadda ido ba zai gani ba. In aka ɗora sabon gasket a kansa haka nan, ba da jimawa ba za ki koma gidan jiya. Ki ce a kai shi wajen masu injin gyaran fuska a auna, in ya karkace a share. A ɗaure kusoshin da sifana mai awo, bi da bi yadda kamfani ya tsara, ba da ƙarfin damtse ba. A zubar da tsohon mai da filtarsa. Sannan ki tambaye shi abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko, fanka ce ta tsaya ko lagireto ne ya toshe, don gasket ba ya ƙonewa haka kawai.

Ta uku daga wani matashi ce a Zariya, wanda ya gaji Fijo 504 ta mahaifinsa. Lagiretonta na tsiyaya, abokai sun ce ya fasa ɗanyen ƙwai ko ya zuba garin barkono a ciki, wani kuma ya ce ya cire tamostat ya huta.

Ɗan samari, Allah ya jiƙan mahaifi. Ƙwai da barkono sukan toshe 'yar ɓula su kai mutum gari in dare ya yi masa a daji, amma ba su san ɓula kaɗai ba, har siraran hanyoyin lagireton suke liƙewa. Kai kuwa ka yi dace. Irin waɗannan Fijo, da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, lagiretonsu na asali na tagulla ne, mai gyaran lagireto zai wanke shi ya liƙe da dalma ya koma aiki. Na motocin baya-bayan nan ne, masu alminiyam da kan roba, in sun tsage gara canji. Tunda za a sauke shi, ka sa a duba famfon ruwa. Yana da ɗan rami a ƙasansa, in ka ga sawun ruwa daga nan, ko ka girgiza fulinsa, wato faifan da bel ke juyawa, ka ji yana lilo, ya tashi aiki. A duba kuma 'yan faifan ƙarfen nan da aka toshe gefen gangar inji da su, tsatsa takan huda su.

Tamostat kuwa, na san rabin garejin ƙasar nan cire shi suke yi, amma ni ban goyi baya ba. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. In babu shi inji zai daɗe a sanyaye, ya sha mai, ya ci jikinsa. In ya lalace a sa wani.

Tsatsar da ke cin duk waɗannan abubuwa daga ruwan rijiya da na burtsatse take, masu barin ƙanzo a cikin inji. Ka sayi ruwan lagireto na kanti, mai launin nan. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, in haɗaɗɗe ne a zuba haka, kuma kada a gauraya iri biyu. Sai dai a kula, guba ne mai zaƙi-zaƙi. Kada a ɗura ragowarsa a gorar lemo a ajiye inda yara suke, kada kuma a zubar inda awaki ko kaji za su sha.

Akwai wata 'yar gajera daga Kumasi, mai tambaya ya ce yana ganin ruwa na ɗiga ta gefen fasinja duk lokacin da ya tsaya da rana. Malam, ka dangwala da yatsa. In fari ne tas, ba santsi ba wari, kuma ka kunna AC, raɓar AC ce, ba abin da ya sami motarka.