Buɗaɗɗen zaure a kamfani: a bar ma'aikata su tsara taronsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan zama.

Da yawanmu a nan Ingila muna da hannu a wata sana'a a Kano. Wani ya zuba jari a injin shinkafa, wani yana da kamfanin ruwan leda a Sharaɗa ko Bompai, wata ta haɗa kuɗi da ƙaninta sun buɗe makaranta. Kuma kukan kusan ɗaya ne: ranar da tsohon ma'aikaci ya ajiye aiki, sai rabin aikin ya bi shi, domin abin da ya sani yana kansa, ba a taɓa ba shi filin faɗa ba. Taron da aka saba yi kuwa, manaja ke magana, sauran su ce "haka ne, ranka ya daɗe", a tashi.

Akwai wani salon taro da ke maganin wannan. Wani Ba'amurke, Harrison Owen, ya fara gwada shi a 1985, bayan ya lura cewa a babban taron da ya sha wahalar shiryawa, abin da mahalarta suka fi yabawa shi ne hirar da suka yi lokacin hutun shan kofi. Daga 2005 masu harkar kwamfuta suka yaɗa irinsa da sunan BarCamp. Mu kira shi buɗaɗɗen zaure. Bakano ba ya bukatar a koya masa majalisa. Bambancin kawai shi ne wannan majalisar ana rubuta abin da aka faɗa, kuma ana bin sawunsa.

Ga kamfani mai ma'aikata 30 zuwa 40, rabin yini ya isa. A sa shi ranar aiki, a biya kowa ladan ranarsa. In aka sa shi ranar hutu, to an maida shi horo, kuma za a fara tambayar kuɗin zama. A kauce wa Juma'a da watan azumi. Kayan aiki kaɗan ne: bango ko allo, kwali 40 da aka yanka girman tafin hannu biyu, maka goma, salatif, ruwa da shayi. Ba a bukatar majigi, don haka ko an ɗauke wuta taro ba zai tsaya ba. A jera kujeru da'ira, ba babban teburi, ba kujerar alfarma.

A bango sai a zana gidaje tara: wuraren zama uku, zagaye uku. Ƙarfe 9:00 a buɗe, mai gabatarwa ya faɗi babbar tambayar ranar, misali "Me ke jawo mana asara, wanda mu da kanmu za mu iya gyarawa?" Daga 9:20 duk mai batu ya fito tsakiya, ya rubuta a kwali, ya karanta da babbar murya, ya liƙa a gida ɗaya. Wanda bai iya boko ba ya faɗa a rubuta masa, ko ya yi da ajami. Wanda ya kawo batu shi zai jagoranci zamansa, ko da leburan ɗaukar buhu ne. Zagaye na farko 10:00, na biyu 10:50, na uku 11:40, kowanne minti 40 da hutun minti goma. A haɗu 12:30 a ji sakamako, a watse kafin jam'in azahar.

A wajen kawo batu ne yawanci ake ɓata abin. Idan aka ce mai batu ya fito, za a yi tsit, kowa na kallon takalminsa. Shirun kan kai minti biyu, kuma yana da nauyi. Sai manaja ya ƙosa, ya miƙe ya cika bangon da nasa batutuwa, shi ke nan an koma gidan jiya. Ya daure. In ana tsoron shirun, tun jajibiri a roƙi mutum biyu daga ƙananan ma'aikata su fara fitowa, amma batun ya zama nasu. Manya kada su liƙa kwali sai an cika gida biyar.

Mu ɗauki injin shinkafa. Mai aikin dare ya liƙa kwali: "Me ya sa karyayya ke yawa a wasu ranakun?" Mutum takwas suka zauna masa. Mai sayo shanshera ya ce daga wuri biyu yake kawowa, ana juye su a haɗe. Mai shanya ya ce idan oda ta matsa, ana barin turarriyar a rana tsaka ta bushe da sauri. Wani dattijo da ke gane bushewa da haƙori ya ce irin wannan ƙwayar tana tsagewa tun kafin ta shiga inji. Sai mai ɗakin gwaji ya ce ai na'urar auna danshi tana nan a durowa, abin da ake so wajen kashi 14 cikin ɗari ne, amma ba wanda ke kawo masa samfur da dare. Kowannensu yana riƙe da guntun amsa, ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma nan ɗakin na mutum huɗu ne.

Owen yana da wata ƙa'ida, dokar ƙafa biyu: in ba ka ƙaruwa a zama, ba ka kuma ƙarar da kowa, tashi ka koma wani. A Turai wannan ba komai ba ne. A Kano, yaro ya miƙe babba na magana, rashin kunya ne. Don haka faɗa da baki ba ya isa. Sai wanda ya fi kowa girma ya sanar da ita da kansa, sannan a zagayen farko a gan shi ya tashi daga wannan rukuni ya koma wancan. Daga nan ƙafafu za su saki.

Rukuni kada ya wuce mutum 12. In ya wuce a raba. Mai dogon turanci a tsayar da shi da agogo, minti biyu kowa, kuma a ce a yi da Hausa, a fassara wa baƙi abokan aiki. Mata sau da yawa sukan yi shiru in sun zama ɗaya ko biyu cikin maza, saboda haka a tabbatar wata ta jagoranci zama tun a zagayen farko. Batun albashi kuwa zai taso, babu makawa. Kada a yage kwalin. A ba shi gidansa, a rubuta abin da aka ce, a sa ranar ba da amsa. In aka danne shi, zai ɓulla a sauran zaman takwas.

Yanzu ga namu laifin, mu na waje. Kada mai kamfani ya ce a jingina waya a taga yana kallo daga Landan. Da zarar an san Alhaji yana kan layi, kowa zai koma yi wa wayar magana, sai yabo da addu'a. Ku jira takarda. Kowane zama yana da marubuci, shafi ɗaya, abu uku: me aka tattauna, me aka gano, wa zai yi me kuma yaushe. Ba a rubuta wane ya ce kaza. Kafin magariba a ɗauki hoton shafukan tara a tura ta WhatsApp, tare da saƙon murya ga waɗanda karatu ke ba su wahala.

Cikin mako guda ku zaɓi abu biyu ko uku marasa tsada ku saki kuɗinsu, waɗanda ba za su yiwu ba ku faɗi dalili. Kuma duk wanda ya tona wata matsala a zauren, kada a ji an yi masa canjin wurin aiki. In haka ta faru sau ɗaya, bango zai zauna wayam a zama na gaba. Bayan wata uku a sake zama, a fara da karanta shafukan baya, a ji wanne aka yi, wanne ya kwanta, sannan a raba sabon kwali.

Shugaba, na gode da wannan lokaci. Wassalamu alaikum.