Wata biyu kana shan azathioprine baka ga canji ba? Tsaya ka ji

Assalamu alaikum jama'a, yau maganarmu akan masu fama da gyambon babban hanji ne, wanda likitoci ke kira kolaitis, musamman wanda aka ɗora shi akan maganin danne garkuwar jiki irin azathioprine yana ta sha amma har yanzu banɗaki yake sintiri, ga jini, ga murɗawar ciki, har ya fara tunanin anya maganin nan yana aiki kuwa.

Toh kowane magani da irin saurinsa, kuma azathioprine da ɗan uwansa mercaptopurine su ne masu nawar gidan. Yawanci sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a fara ganin aikinsu, wani ma sai ya kai wata 6. Dalili kuwa, ƙwayar da ka haɗiya sai jiki ya sarrafa ta tukuna ta koma wani sinadari, shi kuma sinadarin ya taru a hankali cikin fararen ƙwayoyin jini, sannan ya rage yawan waɗanda ke kai wa hanjin hari. Wannan taruwar ita ke cin lokaci, ba yadda za'ayi a gaggauta ta, dan Allah kar ka ƙara yawan ƙwaya da kanka wai don ya yi sauri, ɓargo da hanta ne zasu ji a jikinsu.

Shi yasa zaka ga likita ya haɗa maka da sitiroid, wato maganin rage kumburi, irin prednisolone. Shi cikin 'yan kwanaki zuwa sati 2 ake jin sauƙi, kamar mai kashe gobara ne, azathioprine kuma mai gadin kar wutar ta sake tashi. Ana rage sitiroid ɗin kaɗan kaɗan cikin kamar sati 6 zuwa 8, ba'a yanke shi lokaci guda. Anan wasu ke ruɗewa, sun ji sauƙi da sitiroid sai su ce ai ɗayan bashi da amfani su ajiye shi, sitiroid na ƙarewa ciwo ya dawo sabo, wallahi abin nan yana min ciwo don saura ƙiris maganin ya kama.

Akwai kuma na allura da na ƙarin ruwa. Infliximab ana sawa ranar farko, sai sati na 2, sai sati na 6, daga nan duk bayan sati 8, wasu tun ƙarin farko ko na biyu suke ganin jinin ya ragu. Vedolizumab shi hanji kawai yake nufa, ya ɗan fi jinkiri, akan bashi har sati 14 kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Ƙwayoyi irin su tofacitinib da upadacitinib kuma suna da sauri, wasu cikin kwanaki.

Lokacin jiran nan fa ba zaman banza bane. Kafin a fara azathioprine akan yi wani gwajin jini da ake kira TPMT a ga ko jikinka zai iya sarrafa shi, bayan an fara kuma gwajin jini akai akai a makonnin farko, daga baya duk wata 3. Kafin infliximab sai an duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B. In kana shan allopurinol, maganin ciwon gaɓoɓi da ake kira gout, ka faɗa wa likita tun kafin a rubuta maka, haɗa shi da azathioprine ba tare da an rage adadi ba hatsari ne sosai. Ka riƙa rubuta sau nawa ka zaga a rana, da jini ko babu, ko ciki na tada ka cikin dare, wannan rubutun da gwajin bayan gida na calprotectin su likita zai duba ya san ko kumburin na sauka.

Amma akwai abinda ba'a jira da shi. Zawo da jini sau 6 ko fiye a rana ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, ko ciwo mai tsanani a saman ciki da amai bayan fara azathioprine, ko ido ya yi rawaya, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, duk wannan asibiti za'a tafi a ranar, kar a ce bari sati 12 ya cika.