Madubin da Ake Hurawa: Yadda Zafin Rana Zai Tura Kumbo a Sararin Samaniya

Rokar da aka saba gani tana ƙona mai ne da iskar oksijin, hucin da ke fita ta baya kuma shi ke ingiza ta gaba. Amma tun a 1956 injiniyan nan ɗan asalin Jamus, Krafft Ehricke, ya kawo shawarar wata hanya da ba a kunna wuta a cikinta: a tara hasken rana wuri guda da madubi, a gasa iskar haidurojin da shi har zafinta ya haura digiri 2,000, sannan a sake ta ta wani matsattsen baki. Da yake babu iskar da ta kai haidurojin rashin nauyi, gudun fitarta yakan kusa ninka na hucin roka, wato man da tafiyar za ta ci ya ragu sosai. Sai dai turawar ba ta da ƙarfin ɗaga kumbo daga ƙasa. Amfaninta shi ne matsar da tauraron ɗan'adam zuwa falaki mai nisa, wato hanyar da yake bi yana zagaya duniya, sannu a hankali cikin makonni.

Inda gizo ke saƙar shi ne madubin. Hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in mita a kusa da duniya kusan wat 1,360 ne kawai, saboda haka ana buƙatar madubi mai faɗin mitoci da yawa, wanda in na ƙarfe ne ba zai shiga cikin roka ba. Shi ya sa aka koma ga leda mai tsananin sirantaka da aka shafa wa alminiyom, a naɗe ta kamar laima, sai an isa sama a hura ta.

A watan Mayun 1996, kumbon Endeavour na Amurka ya saki irin wannan faifai da kamfanin L'Garde ya ƙera, mai faɗin mita 14, da sanduna uku masu tsawon mita 28, su ma na hurawa. Eriya ce aka gwada, amma siffar ɗaya ce da ta madubin rana. Ragowar iskar da ta maƙale a cikin naɗin ta sa ya warware a hargitse, kuma faifan bai cika yadda aka tsara ba.

Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin ko 'yar tattara ce a jikin ledar takan warwatsa hasken, zafin da ke isa injin ya ragu. Ga kuma ƙananan duwatsun sama da ke huda ta, abin da ya sa ake binciken kayan da ke sandarewa bayan an hura su, don siffar ta tsaya ko da iskar ta tsiyaye.