Ƙara ƙarfin gashi a kansar kai da wuya: wace na'ura ce ta fi iya saiti?

Ku dubi wannan bawan Allah da ke kwance, ana shirin gasa masa ciwon daji da haske mai ƙarfi, wato radiotherapy. An tausasa takunkumin roba a ruwan ɗumi, an shimfiɗa masa a fuska har ya sandare daidai da hancinsa da haɓarsa. Da shi za a riƙa kafe kansa a jikin gado, Litinin zuwa Juma'a, har mako 7. Kullum a ba shi gire 2, wato ma'aunin hasken gashi, sau 35, jimilla gire 70. Haka aka saba gasa kansar baki da maƙogwaro.

Abin da ke ci wa likitoci tuwo a ƙwarya shi ne, in ciwon ya dawo, galibi a inda ya fara yake dawowa. Tsakiyar ƙari sau da yawa ba ta samun isasshiyar iskar oksijin, kuma ƙwayoyin da ke cikin wannan hali kan jure gashi kusan ninki uku. To me zai hana a ƙara wa wannan lungu wuta?

Ai wuya wuri ne mai cunkoso. Ga laka a baya, wadda ba a so ta sha fiye da gire 45 zuwa 50. Ga ƙullayen da ke samar da yawu a gaban kunnuwa. In suka ƙone, mutum ba ya iya haɗiye lomar tuwo sai da ruwa, ko barci ma sai da gora a gefensa. Wannan wahala ba ƙarama ba ce.

Dabarar IMRT tana harbo haske daga kusurwoyi da dama, siraran ƙarafa suna buɗewa suna rufewa don rage shi a nan, ƙara shi a can. Gwajin PARSPORT na Ingila, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa bayan shekara guda bushewar baki mai damuwa ta kama kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gashin da aka saba, amma kashi 38 kacal na waɗanda aka yi wa IMRT. VMAT ƙanwarta ce: na'urar na zagaya kai tana harbi ba tsayawa, aikin minti goma ko fiye ya koma biyu ko uku. Shi kuwa furoton, wato gashi da wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin zarra maimakon haske, yana zube ƙarfinsa a zurfin da aka auna ya tsaya cak, sai dai yana da tsada, kuma in majinyaci ya rame, saitin kan goce.

Duk ukun suna iya bai wa tsakiyar ƙari kaso mafi girma a zama ɗaya. Hoton PET, wani nau'in hoton cikin jiki, shi ke nuna inda ƙarin ya fi zuƙar sukari, sai a auna can.

Amma shin ƙarin wutar ya ƙara warkewa? A gwajin ARTFORCE, wanda likitocin Holan suka jagoranta, an kai tsakiyar ƙari har gire 84, kuma dawowar ciwon ba ta ragu ba. Gwajin ART DECO na Ingila a kan kansar maƙogwaro ma haka ya ƙare.

Ga kuma wani cikas da babu na'urar da ke kauce masa: fatar cikin maƙogwaro a kan ƙarin take shimfiɗe. Likitocin Gent a Beljiyam sun ga gyambo mai wuyar warkewa yana fitowa a wannan fata watanni bayan gashi mai ƙarfi, musamman ga waɗanda suka ci gaba da shan taba ko giya.