Baƙar Jaruma da Hoton Biri: Ƙyama a Gidan Masoya Labari

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ina tare da Nura, ga kuma ƙanwarmu Ummi, wadda ita ta zo da maganar yau. Ummi, bismillah.

Ummi: Na gode Anti. Ina cikin wani zaure na WhatsApp na masu son wani fim mai dogon zango, mun fi mutum ɗari biyu. Idan zango ya ƙare, wasunmu sukan ɗauki jaruman su ci gaba da ƙaga musu labari, abin da ake kira fanfik. Wata yarinya ta rubuta nata, ta kawo wa jarumin budurwa baƙa, ta siffanta ta da kyau, har da wushirya. Ba a yi minti goma ba wata ta turo hoton biri. Wata ta ce, duk matan duniya a rasa wadda za a ba shi sai wannan? Na yi magana, sai shugabar zauren ta bi ni ta gefe, wai in bar zancen kar in ɓata zumunci. Yarinyar ta fita a daren, labarin ya tsaya a shafi na uku.

Hadiza: Wadda ta turo hoton fa?

Ummi: Tana nan, Anti. Ko jiya ta yi magana.

Nura: Kin ga inda abin ya fi ciwo ke nan. Wanda aka zalunta shi ke tattara kayansa, mai zaluncin yana zaune. Kuma Ummi, abin da kika gani a ƙaramin zaure an yi shi a idon duniya. A watan Nuwamban 2014 aka saki tallan farko na sabon kashin Star Wars, fitaccen fim ɗin nan na Amurka. Fuskar da ta fara bayyana ta John Boyega ce, haifaffen Landan, iyayensa 'yan Najeriya. Nan take wasu masoyan fim ɗin suka tada ƙura, wai bai dace baƙar fata ya sa kayan sojan da ya fito da su a tallan ba. Fim ne da ke cike da halittu masu ƙaho da masu gashi tun daga kai har ƙafa, duk sun karɓe su, baƙin mutum ne ya tsone musu ido.

Ummi: Yaya Nura, ta Kelly Marie Tran ta fi taɓa ni. Iyayenta 'yan gudun hijira ne daga Biyetnam. Ta fito a kashin Star Wars na 2017, aka yi ta zagin ƙirarta da asalinta wata da watanni, har a watan Yunin 2018 ta goge duk abin da ta saka a Instagram. Daga baya ta yi rubutu a jaridar New York Times, inda ta nuna cewa abin da ya fi muni shi ne ta fara yarda da abin da suke faɗa a kanta. Da kashi na gaba ya fito a 2019, fitowarta gaba ɗaya ba ta kai minti biyu ba.

Hadiza: Wato masu zagin sun ga kamar sun ci riba.

Nura: Haka da yawa suka fassara shi. Amma a 2022, da aka taso wa Moses Ingram, wata jaruma baƙar fata da ta fito a wani shirin Star Wars, an samu bambanci. Ta fito da saƙonnin da ake turo mata kowa ya gani, shafin Star Wars ɗin kansa ya fito ya kare ta, shi ma Ewan McGregor, babban jarumin shirin, ya ɗauki bidiyo yana cewa mai irin wannan hali ba masoyin fim ɗin ba ne a wurinsa. Zagin bai ƙare ba, amma a wannan karon ba a bar ta ita kaɗai ba.

Hadiza: Bari in tsaya a kan wannan kalma ta "ba masoyi ba ne", domin ban gamsu da ita ba gaba ɗaya. Masoya ne mana. Sun sayi tikiti, sun haddace labarin, wasunsu sun fi mu sanin fim ɗin. Idan muka ce ba namu ba ne, mun wanke hannunmu ke nan. Wadda ta turo hoton biri a zauren Ummi 'yar gida ce, da ita ake hira kullum.

Ummi: Wallahi Anti, har gudummawar biki mun taɓa haɗa mata.

Nura: Na karɓi gyara. To Ummi, ke da kike karanta fanfik na Turanci, ya abin yake a can?

Ummi: Akwai babban rumbu da ake kira Archive of Our Own, a taƙaice AO3. Masoya ne suka kafa ƙungiyar da ke riƙe da shi a 2007, aka buɗe shi ga jama'a a 2009, kuma 'yan sa-kai ke tafiyar da shi. Labaran da ke ciki sun haura miliyan 10. A can ƙyamar ba kullum take zuwa da zagi ba. Sau da yawa sai dai ka ga an share mutum. Boyega yana cikin manyan jaruman Star Wars, amma marubuta da yawa suka tsallake shi, suka rungumi wani jami'i farar fata da bai yi wata fitowar kirki ba, suka yi ta ƙaga masa tarihi da soyayya. Shi kuwa baƙin, idan ya shigo labari, ko dai mai ba da dariya ne, ko mai rarrashin wani, ko a mai da shi mai zafin rai.

Nura: Ba wanda ya yi ƙorafi?

Ummi: An yi. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar nan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, ƙungiyar ta yi alkawarin ɗaukar matakai a kan wariyar launin fata. Shekara uku bayan nan, a watan Mayun 2023, masoya suka ƙaddamar da gangami suna tambayar ina alkawarin ya kwana. Marubuta suka riƙa sa taken gangamin a sunan labaransu don kowa ya gani. Muhawarar ta yi zafi, domin an gina rumbun ne a kan cewa ba a goge labari don wani bai ji daɗinsa ba. Masu gangamin kuma suka ce abin da ya fi damunsu shi ne yadda ake bin mutum da cin zarafi a wurin sharhi, ya kai ƙara, ba a yi komai ba.

Hadiza: To ni yanzu zan juyo da maganar gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na daɗe ina karanta littattafanmu na intanet, ina kuma rubutawa. Ku faɗa mini, yaya ake siffanta jaruma?

Ummi: Fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya.

Hadiza: Kishiya ko 'yar aiki fa?

Ummi: Baƙa ƙirin, gajera, mai faffaɗan hanci.

Hadiza: Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana karanta wannan a waya cikin dare, littafi bayan littafi, sannan da safe ta duba madubi. Daga baya mu zo muna mamakin yadda man bilicin ke tafiya a kasuwa. Haka idan an kawo wanda ba Bahaushe ba, sau da yawa ɗan damfara ne ko abin dariya saboda Hausarsa. Mutumin ƙauye kuwa kullum wawa ne. Wata mai karatu ta taɓa rubuto mini, ta ce Anti, ina son rubutunki, amma ban taɓa ganin mai kama da ni an so ta a ciki ba. Na koma na duba, gaskiyarta ce. Littafin da nake kai a lokacin sai da na sake shi daga farko.

Nura: Wasu za su ce miki ai labari ne kawai.

Hadiza: Idan labari ne kawai, me ya sa hankali ke tashi da zarar an canza launin jaruma? Da abin bai da nauyi, da ba wanda zai turo hoton biri.

Nura: A gidan kallon ƙwallo ma haka ne. Ranar 11 ga Yulin 2021, wasan ƙarshe na kofin Turai a Wembley, Rashford da Sancho da Saka suka zubar da fenareti, Italiya ta ɗauki kofi. Saka yana ɗan shekara 19 a lokacin. Kafin gari ya waye an cika shafukansu da hoton biri, kuma magoya bayan Ingila na cikin masu yi. A Manchester aka ɓata zanen Rashford da ke jikin bango. Abin da ba na mantawa shi ne mutanen unguwar sun fito da takardu da furanni, suka lulluɓe wurin da aka ɓata da saƙonnin ƙauna. Amma mu nan, mu da muke baƙaƙe, na sha jin ana kiran ɗan wasa biri a gidan kallo, ana dariya. Ranar da na ce wa wani ya daina, cewa ya yi wasa ne. Sai wani dattijo da ke bayanmu ya ce, yaro, dubi hannunka. Wurin ya yi tsit.

Ummi: Da a zaurenmu an samu ko mutum biyu sun yi irin ta dattijon nan, na tabbata yarinyar ba za ta fita ba. Da yawa sun biyo ni ta gefe suna cewa gaskiya na faɗa, amma a cikin zaure ba wanda ya ce uffan.

Hadiza: Goyon bayan gefe bai isa wurin yarinyar ba, ita shirun kawai ta gani. Kina da lambarta?

Ummi: Ina da ita, Anti.

Hadiza: Ki kira ta yau. Ki ce mata ina son karanta shafi na huɗu, kuma idan ta amince, mako mai zuwa za mu karanta labarin nata a nan cikin shiri. Masu sauraro, mu kwana nan, sai Allah ya kai mu.

Nura: A huta lafiya.