Amsoshin Tambayoyinku: Idan ɗan bindiga ya tsallake iyaka, wa zai bi sawunsa?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka. Daga nan Maradi muke kawo muku Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako bakinsu ya zo ɗaya, duk a kan iyaka ne, da zaman doya da manja tsakanin sojojin Nijar da na Najeriya.

Ta farko daga wani dattijo manomi ce a yankin Ɗan Isa, ya ce jikansa ne ya rubuta masa. Yana cewa: "Ɓarayin daji kan kore mana shanu, wani lokaci har da mutane. Idan jami'an tsaro suka biyo su, da sun kai iyaka sai su dakata. Me ya hana su bin sawu har maɓoyarsu?"

Baba, Allah ya mayar muku da alheri, ya dawo da waɗanda ke hannu lafiya. Abin da ke tsayar da soja a bakin iyaka doka ce. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, a sashe na 2, ya haramta wa kowace ƙasa amfani da ƙarfi a cikin ƙasar wata. A teku akwai dokar da ta yarda a bi jirgin ruwan da ya yi laifi ya gudu, amma ko ita tana ƙarewa ne da zarar jirgin ya shiga ruwan wata ƙasa. A tudu kuwa, sai in ƙasashen biyu sun amince tun da farko. Ko a garinku, in ɓarawo ya faɗa gidan maƙwabci, ba ka afka wa iyalinsa da gora ba tare da sallama ba, kome zafin abin da aka ɗauke maka.

Na san wannan amsa ba ta da daɗin ji ga wanda aka kore wa garke. Amma ku tuna da Nacade, a cikin gundumar Madarumfa. A watan Fabrairun 2022 jirgin yaƙi ya saki wuta a ƙauyen. Gwamnan Maradi na lokacin, Shu'aibu Abubakar, ya ce yara 7 sun rasu, 5 sun jikkata, ya ce jirgin Najeriya ne da ke farautar 'yan bindiga ya yi kuskure. Rundunar sojin Najeriya ta ce ba tsarinta ba ne ta ƙetare iyaka, kuma tana bincike. Yaran nan namu ne. Duk wanda ya ce maganar 'yancin ƙasa surutun 'yan boko ne kawai, ya je ya faɗi haka a gaban iyayensu. Dokar da ta tsayar da sojanmu a Ɗan Isa, ita ce ya kamata ta tsayar da jirgin wani kafin ya kai kan rufin ɗakunanmu.

To sai dai ɗan bindiga ya fi kowa sanin wannan doka. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, mafi yawanta gonaki da daji, kuma dajin Baban Rafi bai san inda taswira ta tsaga layi ba. Mutum a kan babur yakan yi ɓarna a nan da magariba, kafin isha'i yana wata ƙasa. Maganin abin shi ne a nemi izinin tun kafin ranar tashin hankali: a rubuta kilomita nawa aka yarda a shiga, wa za a kira a waya, wa zai tare ta ɗaya ɓangaren. An taɓa kama wannan hanya. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo nan Maradi sun zauna da gwamnanmu a kan tsaron iyaka. Irin wannan zama, a ganina, ya fi wa manomin Ɗan Isa amfani a kan manyan tarukan da ake yi a Yamai da Abuja, domin kwamandan da ke Madarumfa da wanda ke Jibiya su ne ke jin ƙarar harbi a dare ɗaya.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Gidan Rumji. Ta ce ta ji Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, tana son sanin dalili, kuma ko abin ya shafe mu tunda Diffa da nisa.

Malama, mun gode. Najeriya ce ta fara kafa rundunar a 1994, Nijar da Chadi suka shigo a 1998. Bayan Boko Haram ta mamaye sansanin rundunar da ke Baga a watan Janairun 2015, ta kuma kai hari Bosso da Diffa a watan Fabrairu, sai aka sake wa rundunar fasali, da hedikwata a Njamena, Kamaru da Benin suka shigo. An kasa yankin kashi huɗu, Diffa ce cibiyar kashin Nijar. Kuma ta yi aiki. A watan Maris na 2015 sojojin Nijar da na Chadi ne suka shiga cikin Najeriya suka ƙwato garin Damasak. Wannan jini ne da 'ya'yanmu suka zubar a ƙasar maƙwabta, bai kamata a manta ba.

Amma tun ran gini aka yi zane. Kowace ƙasa ta riƙe linzamin sojojinta, kuma kowa na ganin shi ya fi ɗaukar kaya. A 2020, bayan harin Bohoma da ya kashe sojojin Chadi kusan 100, shugaban Chadi na lokacin, marigayi Idriss Deby, ya fito fili ya ce an bar wa ƙasarsa yaƙin ita kaɗai. A 2024 ɗansa Mahamat ma ya yi barazanar janyewa.

Namu saɓanin kuwa daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya taso. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Tinubu na Najeriya, ta yi barazanar shigowa da soja. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana. Mutanen Maradi ba sai an ba su labarin yadda kasuwa ta mutu a watannin nan ba. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma da wuya ka miƙa sirrin tsaronka ga wanda jiya-jiya ake cewa zai kawo maka yaƙi. A Agustan 2024 babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai ya gana da takwaransa na Nijar, Janar Musa Salau Barmu, suka amince a farfaɗo da aiki tare. Ba a je ko'ina ba, a watan Disamba, shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya zargi Najeriya da haɗa kai da Faransa don hargitsa Nijar, a wata hira da ya yi da Hausa. Najeriya ta musanta. A ƙarshen Maris na 2025 rundunar sojin Nijar ta sanar da ficewa, ta ce za ta mayar da hankali ga tsaron wuraren man fetur.

Ra'ayina, malama, shi ne: yanke wutar nan da barazanar yaƙi sun yi ɓarnar da ba ta gyaruwa da takarda ɗaya, kuma ƙasa na da ikon zaɓar inda za ta ajiye sojojinta. Duk da haka ficewar tana da tsada, kuma talakan bakin iyaka ne ke biya. Rundunar ba ta taɓa aiki a yankin Maradi ba, amma amana guda ce. In ta karye a Diffa, labarin da ya kamata ya taso daga Katsina ko Zamfara ya iso kafin 'yan bindiga, shi ma sai ya yi jinkiri. Ke da kike Gidan Rumji kin ga dubun-dubatar mutanen da suka tsallako tun 2019 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wataƙila 'ya'yansu na cikin ajinki. Ba baƙi ba ne. Masarautar Maradi kanta daga Katsina ta taso, ta Tsibiri kuma daga Gobir.

Sai wani ɗalibi daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ya tambaya ko mu kaɗai ke fama da irin wannan ƙawance mai cike da zargi.

Ɗan'uwa, ba mu kaɗai ba ne. Dubi Amurka da Pakistan a lokacin yaƙin Afghanistan. Amurka na zargin Pakistan da kau da kai daga mayaƙan da ke fakewa a yankunanta na kan iyaka, Pakistan na cewa jiragen Amurka marasa matuƙi na keta mata haddi. Ranar 2 ga Mayun 2011 sojojin Amurka suka shiga Abbottabad suka kashe Usama bin Laden ba tare da sun sanar da gwamnatin ƙasar ba. A watan Nuwamba na shekarar, jiragen NATO suka kashe sojojin Pakistan 24 a Salala. Pakistan ta toshe hanyar da ake kai wa dakarun NATO kaya har wata 7, ba ta buɗe ba sai a Yulin 2012, bayan sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, Hillary Clinton, ta ba da haƙuri. Ka lura, kalmar ban-haƙurin ce ta ɗauki duk wannan lokaci. Shi ya sa nake ganin duk yarjejeniyar da za a ƙulla tsakanin Yamai da Abuja, tilas ta faɗi abin da za a yi ranar da aka yi kuskure: wa zai bincika, wa zai je ta'aziyya, wa zai biya diyya.

A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangare, suka tattauna tsaro da kasuwanci da layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maradi. Masu saurarenmu na Madarumfa da Ɗan Isa da Gabi, ku rubuto mana ko kuna ganin sintiri a yankunanku, da kuma yadda ake amsa kiranku idan abu ya faru da dare. Za mu karanta a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.